Filayen wasa a Zagreb, kamar yadda na gan su

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga amsar tambayar da ka yi mini tun ina sabon zuwa, wato yadda ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan 4 ba ta ci Najeriya 2-0 a gasar cin kofin duniya ta 2018, har ta kai wasan ƙarshe. Na san kana zaton wasu katafaren filaye ne da su, domin ni ma da wannan zaton na sauka a Zagreb, babban birnin Kuroshiya.

Babban filinsu shi ne Maksimir, gidan ƙungiyar Dinamo inda Luka Modric ya yi suna kafin ya tafi Ingila. Tun 1912 ake wasa a wurin, kuma maganar gaskiya, wanda ya ga filin Moshood Abiola na Abuja ba zai tsaya kallon wannan ba. Yawancin kujerunsa a sarari suke babu rufi, ga shi ana buga wasa har cikin hunturu, lokacin da sanyi yake ratsa ƙashi. Girgizar ƙasar watan Maris na 2020 kuma ta sa an rufe ɓangaren gabas, su kansu 'yan garin suna yi wa ginin ba'a.

Inda suka yi mana nisa shi ne hidimar da ke kewaye da wasan. Ta waya mutum yake sayen tikiti, da lambar kujerarsa a jiki, a bakin ƙofa a haska shi da na'ura, a caje shi, ya wuce. Shuɗin jirgin nan mai bin titi, wanda suke kira tram, yana sauke ka daf da filin, don haka babu cinikin kuɗin Adaidaita Sahu irin wanda muke yi a Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars take gida. Sai dai wajen abin taɓawa mun fi su. Babu tsire, babu rake, babu gurasa. Gugguru ne da 'ya'yan kabewa da ake ɓarewa da haƙori, sannan naman da ake sawa cikin burodi galibi na alade ne, shi ya sa nake cika cikina tun daga gida. Rigar ƙungiya ta ainihi kuwa da yuro ake sayenta, kuɗin da ƙasar ta koma amfani da shi a 2023, kuma idan na juya farashin zuwa naira sai in mayar da ita inda na ɗauko.

A ƙetaren kogin Sava akwai Arena Zagreb, rufaffen zaure mai ɗaukar mutum kusan 15,000, wanda aka buɗe a ƙarshen 2008 saboda gasar ƙwallon hannu ta duniya ta 2009. Wannan wasa da mu a gida muke ɗauka na 'yan makaranta ne, a nan manya suke cika zaure dominsa. Ƙwallon kwando ma yana da zaurensa mai sunan Drazen Petrovic, gwanin da ya rasu a haɗarin mota a 1993.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, duk da haka, ba ya cikin waɗannan gine-gine. Tafkin Jarun, wanda aka gyara domin gasar ɗaliban jami'o'in duniya ta 1987, har yau a buɗe yake ga kowa kyauta, masu tseren kwale-kwale a ruwa, masu keke da masu sassarfa a gefe. A unguwarmu kuma harabar makarantar firamare tana da daɓen siminti da raga da kwando, kuma bayan an tashi ba a hana yara shiga. Jiya da la'asar na tsaya ina kallon wani dattijo yana koya wa yara 'yan shekara bakwai yadda ake tare ƙwallo da cikin ƙafa, suna maimaitawa har fitilun titi suka kama, iyaye suna jira a bakin shingen waya riƙe da rigunan sanyi. Na tuna filinmu na bayan makaranta, wanda ka ce an yanka shi fuloti-fuloti bara. Ka faɗa mini inda yaran layinmu suke buga ƙwallo yanzu.