Kle ɗin darasin tarihi da ake saidawa a Marwa, ga yadda na same shi

Salamu alaikum malamai 'yan uwa, musamman masu fama da tarihi da jogarafi a lise da kolej. Ana ta tambayata kan wani shagon fotokopi da ke nan Marwa a arewacin Kamaru wanda yake zuba ma malamai kayan koyarwa a kle, wato filashin USB, toh bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Kana zuwa da kle ɗinka ka bada jaka biyu su cika maka, in baka da shi su saida maka nasu, kuma ranar Asabar akwai wani dattijo tsohon malami da ya yi ritaya yana zama da mutane a bayan shagon yana nuna yadda ake tsara fish, wato takardar shirin darasi, a tsarin APC na koyarwa ta hanyar gina ƙwarewar ɗalibi.

Abin da ya fi burge ni gaskiya tsofaffin tambayoyin jarrabawa ne, na BEPC da Probatoire da Bak, an jera su shekara shekara, wasu har da gyaransu. Duk wanda ya taɓa riƙe ajin jarrabawa kamar turwaziyem ko tarminal ya san wahalar neman waɗannan takardu, yau ka roƙi wannan gobe ka roƙi wancan a turo maka hoto a WhatsApp wanda rabinsa baya karantuwa. Taswirori ma ba laifi, akwai ta rabon Afirka bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, akwai ta Kamaru lokacin Jamus da yadda Faransa da Ingila suka raba ta a 1916, suna fita tsaf ko a baƙi da fari, kuma wannan ba ƙaramin abu bane ga wanda ajinsa ya cika maƙil, allo da alli kawai gare shi.

Amma fa inda gizo ke saƙar shine fish ɗin darussan. Wanda ya rubuta su daga gani idonsa na bakin teku ne. Shafi kan shafi akan yarjejeniyar Jamusawa da sarakunan Duwala ta 12 ga Yuli 1884, sai kawai a ce maka daga nan Kamaru ta shiga hannun Jamus, shikenan an wuce. Haba malam! Jamusawa basu ci Garwa ba sai 1901, Marwa kuma sai farkon 1902, wato kusan shekara 18 arewa na ƙarƙashin lamidonta ana biyayya ga Yola. Rabe, mayaƙin nan da ya ci Barno, layi biyu aka bashi, alhali a Kusiri aka kashe shi ranar 22 ga Afrilu 1900, a yaƙin da shima kwamandan Faransa Lamy ya mutu har aka sa ma garin tsallaken kogi sunansa kafin ya koma Njamena a 1973. Shi kuwa dutsen Mora da Jamusawa suka maƙale akai tun 1914 basu miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916, ban ganshi ko a layi ɗaya ba, kuma akwai yaran Mora zaune a ajina, wlh ranar da na basu labarin da bakina har 'yan bencin baya masu barci sai da suka ɗago kai.

Akwai wata folda a cikin kle ɗin da suka zuba kundin tarihin Afirka na UNESCO, juzu'i takwas ɗin nan na asali, da Faransanci. Mai shagon yana ta tallata shi kamar shi ya wahala ya samo, alhali kyauta ne a shafin UNESCO, sai dai in kana ƙauyen da rezo ke zuwa yana tafiya toh ka huta da sayen data. Ku buɗe juzu'i na 6, na ƙarni na 19, akwai babi akan daular Sakkwato da Barno, da shi nake cike giɓin da fish ɗin suka bari. Na so in ga ko ɗan abu daga aikin marigayi Eldridge Mohammadou da ya bi garuruwan Fulanin nan yana tattara tarihin baka, babu.

Zaman Asabar kuwa ni shi na fi gani da amfani akan kle ɗin kanshi. Dattijon baya karanto maka ka'ida, cewa yake kawo darasin da zaka yi ranar Litinin, ku zauna ku nemo matsalar da zaka buɗe aji da ita daga rayuwar yaran, rikicin gona da kiwo ne ko maganar iyaka, sannan ku gangaro kan darasin. Matsalar kawai wurin ya yi ƙunci ga zafin Marwa, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke fanka ta tsaya sai haƙuri, kuma ba takardar shaida ake badawa ba, kar wani ya je da niyyar sakawa a dosiye ɗinsa na aiki.

Sabon malami da ya fito ENS, makarantar horar da malamai, ya je ya saya, zai rage masa zama da dare. Tsohon hannu kuma tambayoyin jarrabawa da taswirori kaɗai sun isa kuɗin. Ku dai wanke kle ɗin da antibirus kafin ku sa a kwamfutarku, tana shiga hannu da yawa.