Jaririn da aka haifa mata-maza: sharhi kan hidimar da iyaye ke samu a Kaduna

Idan aka haifi jariri aka duba gabansa aka kasa cewa namiji ne ko mace, hankalin dangi yakan tafi kan ranar suna: da wane suna za a yanka rago, me za a gaya wa masu zuwa barka. Abin da ya kamata asibiti ya fara dubawa kuwa shi ne gishirin jinin yaron. Da wannan ma'auni muka duba hidimar da iyaye ke samu a Kaduna, tun daga ɗakin haihuwa har zuwa teburin yanke takardar haihuwa.

Mafi yawan 'ya'ya mata da ake haifa da gaba mai kama da na maza suna ɗauke da larurar da likitoci ke kira CAH. Akwai wani ɗan ƙullutu a saman kowace ƙoda da ke samar da sinadarin da ke riƙe gishiri da ruwa a jiki, da wanda ke taimaka wa jiki jure rashin lafiya. A wannan larura ƙullutun yana kasa samar da su, sai ya karkata ga samar da sinadarin mazantaka tun jaririyar tana ciki. A duniya ana samun haka cikin kimanin haihuwa 1 a cikin 15,000, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na masu nau'in mai tsanani suna zubar da gishiri ta fitsari. Gado ake yi daga uwa da uba duka biyu, don haka ya fi yawa inda ake auren zumunci, kuma kowane ciki da ma'auratan za su sake samu akwai yiwuwar 1 cikin 4 a maimaita. Haɗarin yakan bayyana ne tsakanin kwana 7 zuwa 14, wato daidai lokacin da ake watsewa daga taron suna: jariri ya ƙi kama nono, ya riƙa amai, ya rame, maɗigarsa ta faɗa, ya yi laushi.

A nan hidimar ta fi rauni. Haihuwar gida da ta ƙananan asibitocin unguwa ita ce mafi yawa, kuma abin da aka saba shi ne ungozoma ta duba da ido ta yanke hukunci, a sallami maijego washegari. Jaririyar da gabanta ya girma sosai sai a ce namiji ne wanda 'ya'yan marainansa ba su sauko ba, a ce a dawo bayan wata shida. Ƙa'idar da likitocin yara ke bi ita ce: duk jaririn da aka lalubi marainansa da matsematsinsa ba a ji ƙwaya ko ɗaya ba, ba a kiransa namiji sai an yi gwaji. In amai ya fara a mako na biyu, sau da yawa maganin zazzaɓin cizon sauro ko na gudawa ake ba shi, alhali gishirin jininsa ne ya rikice: sodiyam ya faɗi, fotasiyam ya hau, kuma hawan fotasiyam yana iya tsayar da zuciya. 'Ya'ya maza masu wannan larura sun fi shiga haɗari, domin gabansu lafiya lau yake, babu abin da zai ja hankali, kuma a Najeriya ba a yi wa kowane jariri gwajinta da haihuwa. Gidan da ake cewa matar tana wabi, 'ya'yanta na rasuwa kafin arba'in, ya cancanci a yi masa wannan tambaya.

Manyan asibitoci su ne wurin zuwa, kuma kai tsaye. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, sannan akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, tafiyar kimanin kilomita 80. Amfanin asibitin koyarwa shi ne likitan yara, likitan tiyatar yara, ɗakin kwantar da jarirai, ɗakin gwaji da na hoto duk suna wuri guda. Aikin da ya dace a yi a jere yake. A lalubi ƙwayoyin maraina. A ɗauki hoton ciki don ganin ko akwai mahaifa. A auna sukari da gishirin jini, a kuma riƙa maimaitawa har a wuce mako na biyu, domin sakamakon ranar farko yakan fito daidai ko da larurar tana nan. A ɗebi jini don gwajin 17-OHP, sinadarin da ke taruwa a jinin mai CAH, bayan awa 48 da haihuwa. Kafin nan sinadarin yana sama a jinin kowane jariri, kuɗin gwajin zai tafi a banza. Sai gwajin kuromozom, wato ƙwayoyin gado, wanda zai nuna 46,XX ne (irin na mace) ko 46,XY (irin na namiji) ko gauraye.

Gwaje-gwajen nan biyu na ƙarshe su ne ke cinye kuɗi da haƙurin iyaye. Galibi ɗakunan gwaji masu zaman kansu ne ke karɓar jinin su aika Legas ko ƙasar waje, sakamakon kuromozom kuma yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, saboda sai an rene ƙwayoyin jinin sun hayayyafa kafin a ƙirga. Jinin yana buƙatar kwalba mai koren murfi, ba a daskarar da shi, ba a barinsa cikin rana, kuma ya isa cikin kwana biyu ko uku. Wanda aka ɗeba ranar Juma'a da yamma ya kwana biyu yana jiran mota, sau da yawa sai an sake. A ɗeba Litinin ko Talata, a tambayi ranar da za a aika. Haka gwajin gishiri: in an matse dugadugin jariri da ƙarfi jajayen ƙwayoyin jini suka fashe, fotasiyam zai fito sama da yadda yake. Likita mai lura zai sa a sake ɗiba ta jijiya. Wanda ya ga jariri yana amai yana ƙin nono kuma, ba zai jira takarda daga Legas ba kafin ya sa ƙarin ruwa mai gishiri da allurar haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin sinadarin jure rashin lafiya.

Maganin kansa ba mai tsada ba ne idan aka kwatanta da gwaji, samunsa a kai a kai ne wahala. Ana ba da haidirokotizon sau uku a rana gwargwadon girman jiki, da fuludirokotizon, mai riƙe gishiri a jiki, miligiram 0.05 zuwa 0.2 a rana, da ƙarin gishiri giram 1 zuwa 2 a rana ga jariri mai shan nono. Likita ne ke ƙayyade adadin, yana sauya shi yayin da yaro ke girma. Fuludirokotizon yakan yanke a kasuwa, don haka a riƙa ajiye na wata guda gaba. Mai kemis da ya ce zai musanya haidirokotizon da deksametazon, irin wanda wasu ke sha don ƙiba, kada a yarda: yana tsayar da tsawon yaro. Ranar zazzaɓi ana ninka haidirokotizon sau biyu ko uku, in kuma amai ya hana shi zama a ciki sai allura nan take, miligiram 25 ga yaro ɗan ƙasa da shekara uku. Asibitin da ya sallami uwa ba tare da rubuta mata wannan a kati ba, aikinsa bai cika ba.

Wanzami kada ya taɓa wurin. Yankan angurya ko rage "abin da ya yi yawa" yana jawo zubar jini da tabo, kuma dokar hana cin zarafi ta 2015 ta haramta kaciyar mata. Namijin da ƙofar fitsarinsa ta buɗe a ƙasa ba a yi masa kaciya, domin da wannan fata ake gyara. Tiyatar gyaran kamanni kuwa, ra'ayinmu shi ne ba ta gaggawa ba ce sai in fitsari ya toshe ko akwai barazana ga lafiya. Akwai nau'in da jariri 46,XY ke fitowa da kamannin mace, a rene shi mace, da balaga murya ta buɗe gaba ya girma, kuma da yawa daga cikinsu suna zaɓar rayuwa a matsayin maza. Abin da aka yanke yana goye ba ya dawowa. Malta ta hana irin wannan tiyata ba da yardar mai jikin ba a 2015, Jamus ta taƙaita ta a 2021.

Takardun hukuma gida biyu kawai gare su, namiji ko mace. Kenya ta ƙirga mata-maza a ƙidayarta ta 2019, ta samu 1,524, amma nan babu wannan gurbi. Sai dai doka ta ba da kwana 60 a yi rajistar haihuwa da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wanda ya isa sakamakon gwaji ya dawo. A jira. Gyara daga baya yakan nemi rahoton likita da takardar rantsuwa a kotu, ya kuma bi yaro har lambar shaidar ɗan ƙasa da takardun jarrabawa. Ragon suna ana iya yanka shi ranar bakwai, a zaɓi laƙabin da bai ɗaure kowa ba.

Bayanin da ake yi wa iyaye shi ne ya fi ƙaranci a ko'ina. Ana yin maganar a gaban gadajen wasu, ɗalibai sun kewaye jaririn, kaka tana jin rabi ta kai gida. Mutane kuma suna cakuɗa mata-maza da 'yan daudu da masu jin jinsinsu ya saɓa wa jikinsu, alhali al'amura ne daban-daban, kuma kunyar da cakuɗawar ke jawowa ce ke sa a ɓoye yaro har ya galabaita. Fiƙihu ya daɗe da sanin hunsa, wato mata-maza, har rabonsa na gado an tsara: a mazhabar Malikiyya wanda aka kasa tantancewa yana karɓar rabin kason namiji da rabin na mace. Iyaye suna da haƙƙin neman a yi magana a keɓe, a kuma nemi izininsu kafin ɗaukar hoto.

Wasu ba a gano su sai sun girma. Yarinyar da aka yi wa aikin ƙaba tana ƙarama, ko wadda ta kai shekara 15 nono ya fito amma ba ta ga al'ada ba, a kai ta wurin likitan mata a yi hoton ciki da gwajin kuromozom kafin a sa ranar aure.