Proxmox ko XCP-ng: wanne ya dace da ɗakin saba a Sakkwato?

Tun da kamfanin Broadcom ya sayi VMware, mai manhajar tafiyar da kwamfutoci da yawa a cikin saba ɗaya, a ƙarshen 2023, kuɗin lasisi ya yi tashin gwauron zabi, sai masu kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, suka koma neman irin wannan manhajar da ba ta buƙatar dala. Biyu na gwada: Proxmox VE da XCP-ng.

Proxmox daga birnin Vienna na Austriya ya fito a 2008, an gina shi a kan Debian, wani nau'in Linux. Da ka girka, ka buɗe adireshin sabar a burauza ta tasha (port) 8006, komai na gabanka. Yana tafiyar da cikakkiyar kwamfuta a cikin kwamfuta ta hanyar KVM, kuma yana da kwantenar LXC, wadda ke aron zuciyar Linux ɗin sabar maimakon ta ɗauko tata. Nan ya burge ni. Tsohuwar saba mai RAM giga 16 sai ta ɗauki ƙananan ayyuka barkatai ba tare da ta yi nishi ba, ba sai an kunna inji na biyu ba. Duk wanda ya shiga ɗakin saba a Afrilun Sakkwato, an ɗauke wuta, janareta na kuka, fanka na hura iska mai zafi, ya san darajar wannan. Sai dai ZFS, ɗaya daga tsare-tsaren ajiye fayiloli na Proxmox, akwai cin RAM kamar gara.

XCP-ng kuwa daga wata manhaja irinsa mai suna XenServer ya ɓalle a 2018, kamfanin Vates na Faransa ke riƙe da shi. Xen ne ginshiƙinsa a madadin KVM, kuma cikakken sarrafa shi sai da manhajar Xen Orchestra, wadda ake girkawa daban. Ba ya ɗaukar kwantena kai tsaye. Amma mai saba goma zai ji daɗin ganin duka a allo ɗaya ta Xen Orchestra.

Mu dai saba ɗaya gare mu a ofis, Proxmox na bar mata.