Dracula na 1958 ko Mr. Vampire, da wanne za ka fara?

Ɗan'uwa da ka tambaya tsakanin fim ɗin masu shan jini na Turawa da na 'yan Chaina wanne ya fi, bari in ɗauko ma ɗaya daga kowane ɓangare, Dracula na 1958 da Mr. Vampire na 1985, don in aka ce a yi maganar dukkansu sai mu kwana a nan.

Dracula kamfanin Hammer na Ingila ne suka yi shi, Christopher Lee ne Dracula, Peter Cushing kuma Van Helsing mai farautarshi. Daga littafin Bram Stoker na 1897 aka ɗauko labarin amma sun sauya abubuwa da yawa. Na Bela Lugosi na 1931 baƙi da fari ne, wanga ko mai kala, jini ja wur ga fiƙoƙi a waje. Shi dodon mutum ne mai ado da natsuwa, ya tarbi baƙonshi da ladabi har ya raka shi ɗakin kwana, can sai ka ga idanu sun kaɗa baki duk jini. Daga nan kusan bai sake magana ba, kallo kawai. Maganinshi tafarnuwa, kuros, turke a ƙirji da hasken rana. Ni dai na ce da Sakkwato ya sauka cikin Afrilu, ga rana ga tafarnuwa buhu buhu a kasuwa, da tuni an tashi fim.

Mr. Vampire na Hong Kong ko dodonshi babu wani ado babu dabara, gawa ce ta sandare ba ta iya lanƙwasa ƙafa, shi ya sa take tsalle hannuwa a miƙe cikin rigar ma'aikatan daular Qing ta Chaina ta da. Numfashi take bi, in ka riƙe naka sai ta rasa inda kake, kuma wallahi kai mai kallo sai ka tsinci kanka ka riƙe naka. Wani attajiri ne ya sa a tono mahaifinshi a sake mai kabari, aka buɗe akwati aka tarar bai ruɓe ba, shi ke nan. Lam Ching-ying ne malamin addinin Tao na 'yan Chaina da ke manna mata takarda rawaya mai rubutu a goshi ta tsaya cak, ga yaranshi biyu sarakan shirme. Inda ya fi kashe ni da dariya, gawar ta ji ma ɗaya daga cikin yaran rauni, shinkafa mai danƙo ce maganin dafin, aka aiki yaro sayowa mai shago ya gauraya mai da ta gama-gari, majinyaci sai ƙara rikiɗa yake farce na tsiro. Ga kuma faɗan kunfu na gaske, Sammo Hung ne furodusa.

Wajen tsoro zalla Dracula na ba, don shi da wayonshi yake shigo ma gida, sai dai yana tahiya a hankali, wanda ya saba da Blade na 1998 zai iya yin gyangyaɗi a tsakiya. Ka dai daure ka kai ƙarshe inda Cushing ya bi ta kan tebur da gudu ya fizgo labule.

Ni da Mr. Vampire zan ce ka fara, musamman in da abokai za ku kalla. In akwai ƙanne a ɗakin, akwai wata fatalwa mace da ta liƙe ma ɗaya daga cikin yaran malamin, in an zo wajenta sai ka ɗan tura gaba.