Manhajar diff: kafin ka goge faifan kwastoma

Masu gyaran kwamfuta a Banex Plaza da ke Wuse 2 sun san wannan fargabar: an kwashe fayilolin mutum zuwa wani faifai, za a yi fomatin, amma wa ya tabbatar komai ya tafi lafiya? Duba girman folda kaɗai bai isa ba, don fayil kan lalace girmansa bai canja ba.

Nan diff ke da rana. Tsohuwar manhaja ce mai kwatanta fayiloli ta nuna bambancinsu, tun 1974 take cikin tsarin Unix, kuma tana zuwa da kusan kowace Linux, kyauta. A ce tsohon faifan yana /mnt/tsoho, sabon kuma yana /mnt/sabo, sai ka buɗe tagar rubuta umarni (terminal) ta Linux ka rubuta:

diff -rq /mnt/tsoho /mnt/sabo

Harafin r yana sa ta shiga kowace folda har ƙasa, q kuma ya hana ta dogon bayani. Fayil ɗin da ke gefe ɗaya kawai za ta nuna shi da "Only in", wanda cikinsa ya bambanta kuma ta ce "differ". In ta yi shiru, komai daidai ne. Mai shakka ya buga echo $? nan take, zai ga lambar sakamakon da diff ta bari: 0 babu bambanci, 1 akwai, 2 kuwa matsala aka samu, galibi fayil ne ya ƙi karantuwa. Kada a raina wannan 2 ɗin, sau da yawa alamar faifai mai mutuwa ce ko rashin izinin karanta fayil ɗin.

Aibinta jinkiri. Cikin fayilolin take karantawa, don haka babban faifai a kan USB 2.0 zai cinye maka yini, kuma in an ɗauke wuta daga farko za ka sake. A jona inbata tukuna. Ba ta kuma duba izinin fayil, mai shi, ko kwanan wata. Tarkacen fayilolin da Windows ke ƙirƙira da kanta, irin su Thumbs.db, ma kan cika allo, sai a kore su da -x Thumbs.db.

Ga masu rubuta lambar manhaja, diff -u tana nuna layin da ya canja da layi 3 sama da ƙasa. In ta ce kowane layi ya bambanta alhali ido bai ga komai ba, ɓoyayyiyar alamar da Windows ke sawa a ƙarshen kowane layi ce, ƙara --strip-trailing-cr. Fayil ɗin Word kuwa sai dai ta ce ya bambanta, ba za ta nuna inda ba.

A kula, diff ta cikin PowerShell, tagar umarni ta Windows, wata aba ce daban, laƙabin Compare-Object ne, waɗannan haruffan ba sa aiki a can.