WhatsApp Business a hannun malamar da ke koyarwa daga gida

Da aka rufe makarantun Najeriya a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, darasi a wasu makarantu ya koma waya. Yawancinsa kuma kan WhatsApp ya faɗa, don Zoom, manhajar taro ta bidiyo, na cin data, ga shi na kyautar yana katsewa bayan minti 40. Malamai mata sun ji jiki. Wayar da ake gaisawa da dangi ita ta zama aji, ita ta zama ofishin shugaban makaranta. Uwar ɗalibi ta turo saƙon murya ƙarfe 11 na dare tana jiran amsa, alhali malama ta wuni tsakanin girki da nata yaran. Rashin lokacin tashi daga aiki shi ke cinye barci, ya bar mutum da faɗuwar gaba duk sanda waya ta yi ƙara.

WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, don 'yan kasuwa aka yi shi, amma yana magance rabin wannan matsala, kuma kyauta ne. Yana zama a waya ɗaya da WhatsApp na kullum, sai dai dole a ba shi lambarsa daban. A nan ake yawan kuskure: idan kika yi rajista da tsohuwar lambarki, hirarki ta gida ce za ta koma can, ba ki raba komai ba. Ki sa layi na biyu, shi kaɗai za ki ba makaranta da iyaye.

Mafi amfaninsa shi ne saƙon da yake turawa da kansa idan ba kya aiki. A saitin kasuwanci ki rubuta lokacin aiki, misali 8 na safe zuwa 2 na rana, Litinin zuwa Juma'a, sannan ki zaɓi a tura saƙon a wajen waɗannan sa'o'i. Jimla biyu sun isa: sallama, da lokacin da za ki amsa gobe. Uba ya ga ba a share shi ba, ke kuma ba ki kwana da nauyinsa a rai ba. Akwai kuma ajiyayyun amsoshi: ki rubuta yadda ake turo aikin gida sau ɗaya, daga baya ki danna alamar / ya fito.

Rauninsa babba ne. Saƙon da yake turawa da kansa ba ya aiki a cikin guruf, kuma a guruf ɗin aji hayaniyar take. Ba ya tafiya idan data a kashe take. Don haka sai kin haɗa da hannu: ki saita guruf ya zama admin kaɗai ke iya tura saƙo bayan darasi, ki toshe ƙararsa na awa 8, ki hana hotuna sauka da kansu, don hotunan littattafan yara 50 suna cinye wurin ajiya a waya.

Ba ya kuma hana shugaban makaranta kira da daddare. Wannan sai an yi yarjejeniya a taron malamai. Idan rashin barci, yawan kuka ko ƙin cin abinci ya wuce mako 2, a ga likita. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna, Kware da Maiduguri, kuma likitan babban asibiti mafi kusa zai iya tura ki can.