Reshen banki a Maradi: ma'aikatan gishe na ƙoƙari, amma nauyin ya yi musu yawa

Reshen bankin da nake ajiya a cikinsa yana kusa da Babbar Kasuwar Maradi, kuma yawancin masu hulɗa da shi 'yan kasuwar wake da riɗi da aya ne, sai ma'aikatan gwamnati waɗanda albashinsu ke biyowa ta nan. Wurin yana da tsabta da tsaro, kuma takardar bayanin asusu tana fitowa daidai.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne halin masu zama a gishe, wato wurin karɓa da biyan kuɗi. Na ga wata ma'aikaciya ta karɓi damin tsofaffin takardun jaka-jaka da injin ƙirga ya ƙi karɓa, ta ƙirga su da hannu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya ga wani dattijo da bai iya Faransanci ba, ta bayyana masa takardar cire kuɗi da Hausa, tana cewa, "Baba, ga inda za ku sa hannu." Irin wannan haƙuri suka nuna bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumin ƙungiyoyin ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO da UEMOA, ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi har aka ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa. Su ne suka sha zagin jama'a har aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, alhali ba su suka yanke hukuncin ba.

Matsalar ita ce ba su da yawa. A ƙarshen wata rabin gishen a rufe yake, layi yana fita har bakin titi cikin rana, na'urar cire kuɗi kan ƙare tun kafin azahar, kuma kalmar "babu rezo" ta zama amsar da kowa ya haddace. Duk da haka, kuɗin kula da asusu ba ya fashin wata. Wani ma'aikaci ya shaida mini cewa sukan kai dare suna rufe lissafi ba tare da ladan ƙarin lokaci ba, kuma maganar yajin aiki ta fara yawo a tsakaninsu.

Wannan ya dame ni ƙwarai, domin tarihi ya nuna wanda ke biya idan banki ya faɗi da kuma wanda ke cin riba. A 2008 da 2009 gwamnatin Birtaniya ta zuba kimanin fam biliyan 45 na kuɗin haraji a bankin RBS domin ceto shi, bankin ya sallami dubban ma'aikata, amma a 2012 aka ware wa shugabansa Stephen Hester garaɓasar kusan fam miliyan ɗaya, sai da jama'a suka yi caa kafin ya haƙura da ita. A Amurka, kamfanin inshora na AIG ya raba dala miliyan 165 ga manyan ma'aikatansa a 2009, bayan gwamnati ta ceto shi. Kusa da mu, a Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba musu naira biliyan 420, kuma a watannin da suka biyo baya ƙananan ma'aikata da yawa sun rasa aiki. Mu ma a Nijar manyanmu ba su manta da durƙushewar bankin raya ƙasa na BDRN a 1990 ba, sakamakon basussukan da ba a biya ba. Idan dukiyar talaka ce ke tsaya wa banki a ranar wuya, to talaka yana da hakkin tambayar yadda ake raba albashi da garaɓasa a cikinsa, kuma bai kamata garaɓasar na sama ta ci gaba da tashi ba alhali mai ƙirga kuɗin yana kwana da gajiya.

Saboda haka, idan ma'aikatan wannan reshe suka shiga yajin aiki bisa ƙa'ida, ina bayansu, ko da yake na san malamin makarantar da ke jiran albashi da ɗan kasuwar da kayansa ke kan hanyar Ɗan Isa, garin da ke bakin iyakar Najeriya, su ne za su fara jin jiki. Abin da nake roƙon sandikarsu, wato ƙungiyar ƙwadagonsu, shi ne ta ba da sanarwa da wuri, ta kuma bar gishe ɗaya domin albashi da fansho.

Ga mai neman wurin ajiya da takardu sahihai domin cinikin ƙetare, reshen ya isa a dogara da shi. Mai son aika ƙaramin kuɗi cikin gaggawa zuwa Tasawa ko Dakwaro kuwa, kamfanonin aika kuɗi irin su NITA za su fi yi masa sauri, musamman a makon biyan albashi.